Jan Juna Tsakanin Ƙwayoyi da Halayen Abubuwa Masu Ruwa-ruwa: Misalai daga Sabha

1.0 Gabatarwa

Sabha ita ce babban birnin yankin Fezzan da ke kudu maso yammacin ƙasar Libiya. Tana da nisan kimanin kilomita 640 daga Tarabulus idan aka auna a miƙe. Hausawa sun daɗe da sanin wannan yanki, domin ta Fezzan ayarin fatake ke ratsawa tsakanin Kano da bakin Bahar Rum, wasu ta Murzuk da Balma, wasu kuma ta Gat da Agadas. Ta Murzuk ɗin ne Baturen nan Heinrich Barth ya biyo a shekarar 1850, kafin ya iso Kano a 1851. Har yanzu akwai Hausawan Nijar da na Nijeriya da ke zaune a Sabha suna neman abinci.

Ruwan saman da ke sauka a Sabha a shekara guda yawanci bai kai milimita 20 ba, kuma da bazara zafin rana yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, wani lokaci ma ya wuce. A irin wannan wuri, halayen ruwa da na fetur da na mai abubuwa ne da rayuwar mutum ta rataya a kansu. Idan aka zubar da fetur a ƙasa, kafin a ankara ya bushe. Idan ruwa ne, sai ya ɗan jima. Idan kuwa man gyaɗa ne, zai yi kwanaki yana nan. Wannan takarda za ta yi bayanin dalilin wannan bambanci, wato ƙarfin da ƙwayoyin abu ke jan junansu da shi, sannan ta nuna yadda wannan ƙarfi yake haifar da tafasa da ƙafewa da kauri da tsotso da narkewa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

A Hausa, kalmar "ruwa" tana ɗaukar ma'ana biyu. Akwai ruwan da ake sha, akwai kuma duk wani abu da ke kwarara, shi ya sa ake cewa ruwan lemo da ruwan batir da ruwan dalma. Don gudun ruɗani, a wannan takarda "ruwa" na nufin ruwan sha kaɗai, sauran kuwa, kamar fetur da mai da zuma, za a kira su "abubuwa masu ruwa-ruwa".

Masana kimiyya sun nuna cewa kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. Idan zarra biyu ko fiye suka ɗaure da juna, sai su zama dunƙule guda wanda ake kira molekul. A nan za a riƙa kiran molekul da sunan "ƙwaya", a bar "zarra" ga ƙananan da suka haɗu suka yi ta. Alal misali, ƙwayar ruwa ta ƙunshi zarrar oksijin ɗaya da zarrar haidirojin biyu. Ƙanƙantar ƙwaya ta wuce misali: a cikin giram 18 na ruwa, wato cokali ɗaya da ɗan ɗori, akwai ƙwayoyi da yawansu ya kai lamba 6 da sifiri 23 a bayanta.

Wajibi ne a bambanta ƙarfi iri biyu. Na farko shi ne ɗaurin ciki, wanda ya haɗa zarra da zarra a cikin ƙwaya ɗaya. Na biyu shi ne jan juna, wanda ke tsakanin ƙwaya da maƙwabciyarta. Ɗaurin da ke tsakanin oksijin da haidirojin a cikin ƙwayar ruwa ya ninka jan junan da ke tsakanin ƙwayoyin ruwa biyu sau ashirin ko fiye. Saboda haka idan ruwa ya tafasa, ƙwayoyinsa rabuwa kawai suke yi da juna, kowace ta tashi da zarrarta uku a ɗaure. Tururi ruwa ne har yanzu, shi ya sa yake komawa ɗigo a ƙarƙashin murfin tukunya.

Ƙwayoyi ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin motsi suke, kuma zafi yana ƙara musu hanzari. Ke nan akwai ja-in-ja tsakanin abubuwa biyu: jan juna yana tattara su, zafi yana warwatsa su. Idan jan juna ya rinjaya sosai, abu ya zama daskararre. Idan zafi ya rinjaya, abu ya zama iska. Abu mai ruwa-ruwa yana tsakani, ƙwayoyinsa suna manne da juna amma suna zamewa a kan juna.

3.0 Ire-iren Jan Juna

A shekarar 1873 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Johannes van der Waals ya nuna cewa ba za a fahimci yadda iska ke komawa ruwa-ruwa ba sai an yarda cewa ƙwayoyi suna jan junansu. An ba shi kyautar Nobel a 1910. Asalin wannan ja lantarki ne. Kowace zarra tana da cibiya mai cajin tarawa, da ilektron masu cajin ɗebewa da ke kewaye da ita. Caji iri ɗaya suna ture juna, masu saɓani kuma suna jan juna.

3.1 Jan Wucin Gadi

Wannan shi ne mafi rauni, kuma babu ƙwayar da ba ta da shi. Ilektron suna yawo, don haka a wani ɗan lokaci sukan fi taruwa a gefe ɗaya na ƙwaya. Nan take wannan gefe ya ɗauki cajin ɗebewa kaɗan, ya kori ilektron na ƙwayar da ke kusa, sai su biyun su ja juna. Fritz London, Bajamushe, shi ya yi bayanin wannan a 1930. Gwargwadon girman ƙwaya da tsawonta, gwargwadon ƙarfin wannan ja. Shi kaɗai ne ke riƙe da ƙwayoyin fetur da kananzir da man dizal.

3.2 Jan Ƙwayoyi Masu Ɓangare Biyu

Wasu zarra sun fi wasu kwaɗayin ilektron. Idan irin waɗannan suka haɗu da marasa kwaɗayi a ƙwaya ɗaya, gefe guda zai dawwama da cajin ɗebewa, ɗayan kuma da cajin tarawa. Irin waɗannan ƙwayoyi sukan jeru, kan wannan yana fuskantar gindin waccan. Asiton, wanda ake goge fentin farce da shi, yana cikin wannan rukuni.

3.3 Ɗaurin Haidirojin

Wannan ya fi biyun farko ƙarfi. Yana samuwa ne idan haidirojin na ɗaure da oksijin ko naitirojin ko fulorin. Oksijin yana janye ilektron daga haidirojin har ya bar shi kusan tsirara, sai shi kuma ya manne wa oksijin na ƙwayar da ke kusa. Wendell Latimer da Worth Rodebush na Amurka sun yi bayaninsa a kan ruwa a 1920. Ƙwayar ruwa a lanƙwashe take, kusurwarta digiri 104.5, kuma kowace ɗaya tana iya kama maƙwabta har huɗu. Wannan ne ya sa ruwa ya fita daban a cikin abubuwa masu ruwa-ruwa.

4.0 Tafasa

Abu yana tafasa ne idan ƙwayoyinsa suka sami isasshen zafin da za su kuɓuce wa juna har a can cikinsa, su yi ƙwallayen tururi da za su iya ture nauyin iskar da ke danne su. Idan jan juna ya yi ƙarfi, sai an ƙara wuta. Ƙwayar metan, wato iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa, nauyinta 16, ta ruwa kuma 18, kusan ɗaya ke nan. Amma metan yana tafasa a digiri 162 ƙasa da sifiri, ruwa kuwa sai a digiri 100. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda gininta ya yi kama da na ruwa sai dai farar wuta ce a madadin oksijin, nauyinta 34, amma tana tafasa a digiri 60 ƙasa da sifiri. Bambancin shi ne ɗaurin haidirojin. Ba don shi ba, da babu rijiya ko tafki a doron ƙasa, da duk ruwa iska ne.

Ɗanyen man da ake haƙowa a rijiyoyin Sharara, yamma da Sabha a kusa da Ubari, waɗanda suka fara aiki a 1996, yana nuna tasirin tsawon ƙwaya. Ƙwayoyinsa sarƙoƙi ne na kabon da haidirojin. Mai kabon 3 tana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifiri, mai kabon 4 a wajen sifiri, waɗannan biyun su ne gas ɗin girki. Mai kabon 5 tana tafasa a digiri 36, mai kabon 8 a 126, mai kabon 16 a 287. Idan sarƙa ta wuce kabon 20, sai ta daskare ta zama kakin da ake yin kyandir da shi. Ana tura wannan mai ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 700 zuwa Zawiya a bakin teku, inda akwai matata. Aikin matata shi ne ta dafa ɗanyen mai, ta tara kowane kaso a daidai zafin da yake tashi: gas, fetur, kananzir, dizal, har zuwa kwalta.

Nauyin iska ma yana da tasiri. Sabha tana bisa teku da fiye da mita 400, don haka ruwa yana tafasa a can a wajen digiri 98 da rabi. A Jos, wadda ta fi tudu, a wajen 96 yake tafasa. Idan kuma aka toshe tururi, ruwa yakan wuce digiri 100 bai tafasa ba. Haka lamarin yake a lagireton mota. Direban da ya buɗe murfin lagireto da zafinsa ya cire abin da ke danne ruwan ne, shi ya sa yake tafasa gaba ɗaya ya yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu.

5.0 Ƙafewa da Sanyaya

Ba sai abu ya tafasa yake zama tururi ba. A kowane lokaci akwai ƙwayoyin da suka fi sauran hanzari, kuma idan suna sama-sama sukan tsinke su shiga iska. Da yake masu zafin ne ke tafiya, abin da ya rage sai ya yi sanyi. Ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa daga sifiri zuwa digiri 100 yana cin jul 418 na makamashi, amma mayar da shi tururi yana cin kimanin jul 2,260, wato fiye da ninki biyar. Yawancin wannan makamashi yana tafiya ne wajen tsinka ɗaurin haidirojin.

Da wannan ne randa da tulu suke sanyaya ruwa. Jikin tukunyar ƙasa yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, ya ƙafe a waje, ya tafi da zafin na ciki. Salkar da fatake ke ratayawa a jikin raƙumi ita ma haka take aiki. Jarkar roba ba ta tsattsafo, shi ya sa matafiyan hamada suke naɗe ta da buhun algarara su jiƙa shi. A jihar Jigawa, Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa dabarar sanya tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi aiki inda iska take a bushe, kamar Fezzan ko ƙasar Hausa lokacin hunturu. Da damina, iska ta riga ta ƙoshi da tururi, sai ƙafewa ta ragu, randa ta rage sanyi.

Jikin ɗan Adam ma da gumi yake sanyaya kansa. Mutumin da ke tafiya a ƙasa cikin zafin hamada yakan iya zubar da lita guda ta gumi a cikin sa'a ɗaya. A busasshiyar iska gumin yana ƙafewa tun bai jiƙa riga ba, don haka mutum ba ya ganin yawan ruwan da yake asara. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa lalacewar mota a hanyar Agadas zuwa Sabha take zama ajali. A shekarar 2017, mutum 44 sun mutu da ƙishirwa a arewacin Nijar bayan motarsu ta lalace a wannan hanya.

Mutanen Fezzan sun daɗe da sanin cewa ruwan da aka bari a fili na rana ne. Mutanen Garama na dā, waɗanda babban birninsu yake Jarma a kwarin Wadi al-Ajal, sun haƙa ɗaruruwan magudanan ƙarƙashin ƙasa da ake kira fogara, tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Magudanan suna gangaro da ruwa zuwa gonaki ba tare da rana ta taɓa shi ba. Babban aikin ruwan Libiya da aka fara a 1984 shi ma a binne yake, cikin bututai masu faɗin mita 4, kuma a 1996 ruwan rijiyoyin Dutsen Hasawna da ke arewa da Sabha ya isa Tarabulus.

6.0 Tururin Fetur da Haɗarinsa

Jan junan da ke tsakanin ƙwayoyin fetur mai rauni ne, don haka suna tashi da sauƙi. An ambata cewa sarƙa mai kabon 5 tana tafasa a digiri 36, zafin da Sabha take wucewa a yawancin ranakun bazara. Shi ya sa jarkar fetur take kumbura a rana, kuma take huci idan an buɗe ta. Bugu da ƙari, fetur yana ƙara girma da kimanin kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Jarka mai lita 20 da aka cika maƙil da asuba za ta ƙaru da kusan kashi biyu cikin biyar na lita idan zafinta ya hau da digiri 20. Dole ne a bar sarari a wuyan jarka.

Abin da ke kama wuta shi ne tururin da ya gauraya da iska. Idan tururin fetur ya kai tsakanin kashi 1.4 da kashi 7.6 cikin ɗari na iska, tartsatsi ɗaya ya isa. Fetur yana fitar da wannan tururi ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, alhali dizal, mai dogayen sarƙoƙi, sai ya wuce digiri 50. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku ko huɗu, saboda haka yana bin ƙasa ya kwanta a kwata da rami, nesa da inda man ya zube.

A ranar 1 ga Agusta, 2022, wata tankar fetur ta yi haɗari a Bint Bayya da ke yamma da Sabha. Mutane suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi, wasu suka rasu, da dama suka ƙone aka kwashe su zuwa asibitin Sabha. A watan Oktoba na 2024 irin wannan ya faru a Majiya ta jihar Jigawa, inda fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Wanda ya tsaya kusa da fetur ɗin da ya zube yana tsaye ne a cikin tururinsa, ko da man bai taɓa shi ba. Ruwa kuma ba ya kashe irin wannan wuta, domin fetur ya fi shi sauƙi, lita ɗaya ba ta wuce giram 750 ba sosai, sai ya hau kan ruwan ya bi shi yana ci. Yashi ko kumfar 'yan kwana-kwana su ne maganinta.

7.0 Tsaurin Saman Ruwa

Ƙwayar da ke tsakiyar ruwa ana jan ta ta kowane ɓangare. Wadda ke sama kuwa ba ta da 'yan uwa a bisanta, sai ja ya rinjaya zuwa ciki. Wannan ke sa saman ruwa ya ɗame kamar fatar ganga. Shi ya sa ɗigo yake dunƙulewa, kuma allura take iya kwanciya a kan ruwa idan aka ajiye ta a hankali. A ma'aunin masana, tsaurin saman ruwa ya kai 72, na barasa tsantsa 22, na zaiba kuwa fiye da 480. Hausawa na cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma haka ne, domin ƙofofin kwando manya ne. Idan ƙofofi suka ƙanƙance sosai, kamar na ƙyallen tanti mai matsattsiyar saƙa, wannan tsauri yana iya tare ɗigon ruwa.

Sabulu yana rage wannan tsauri. Ƙwayarsa doguwa ce mai kai biyu: ɗaya yana son ruwa, ɗayan yana son maiƙo. Idan ya shiga tsakanin ƙwayoyin ruwa sai ya sassauta riƙonsu, ruwan ya ratsa zaren tufafi. Kumfa ma daga nan take. Tsantsar ruwa ba ya riƙe kumfa, da ta taso take fashewa. Shayin Libiya, wanda ake ta juyawa daga buta zuwa kofi har ya yi kumfa, yana riƙe ta ne saboda sinadaran ganyen shayi da ke taruwa a jikin kowane ƙwallon kumfa, sukari kuma ya ƙara wa ruwan kauri ya hana shi saurin tsiyayewa.

8.0 Tsotso

Ƙwayoyin ruwa suna manne wa gilashi da yumɓu da auduga kamar yadda suke manne wa junansu. Idan aka tsoma siririn bututun gilashi mai faɗin milimita ɗaya a ruwa, ruwan zai hau kimanin santimita 3. Idan faɗin ya ragu sau goma, hawan zai ƙaru sau goma. Da haka lagwani yake jawo kananzir, tawada kuma take bin takarda. Itacen dabino yana kai ruwa ga ganyensa a tsawon mita 20 saboda ruwan da ke ƙafewa a ganye yana jan na ƙasa da shi kamar igiya, kuma igiyar ba ta tsinkewa saboda ɗaurin haidirojin. Henry Dixon da John Joly na ƙasar Ailan su suka kawo wannan bayani a 1894.

Tsotso yana da illa ga manomi. Inda ruwan ƙasa yake kusa, yana hawa ta tsakanin ƙwayoyin ƙasa ya iso sama ya ƙafe, ya bar gishirin da ke cikinsa. Shekara bayan shekara gishirin yana taruwa har ƙasa ta yi fari, shuka ta ƙi fitowa. Irin waɗannan filaye suna da yawa a kwarurukan Fezzan. Maganin abin shi ne a yi wa gona magudanar da za ta fitar da ruwan da ya wanke gishirin, kuma a guji ambaliyar ban-ruwa da ke ɗago ruwan ƙasa.

9.0 Kauri da Yauƙi

Kauri shi ne nawar da abu ke yi wajen kwarara. Abu biyu ke kawo shi: ƙarfin jan juna da kuma tsawon ƙwayoyi, domin dogaye sukan sarƙe da juna. Man zaitun ya fi ruwa kauri kimanin sau 80, zuma kuwa sau dubbai. Zuma da rub, wato ruwan dabinon da Libiyawa ke dafawa har ya yi kauri su ci asida da shi, cike suke da sukari, kuma kowace ƙwayar sukari tana da wurare da yawa na ɗaurin haidirojin. Yauƙin kuɓewa da karkashi daga dogayen ƙwayoyi ne da suke kama ruwa suna jan juna kamar zare.

Zafi yana rage kauri. Zumar da ta ƙi zuba da hunturu takan tsinke da bazara. Baƙin man inji ma haka yake, shi ya sa ake rubuta lambobi biyu a jikin galan, kamar 20W-50: ta farko tana nuna halinsa a sanyi, ta biyu a zafi. Siffar ƙwaya ita ma tana da tasiri. Sarƙoƙin man shanu yawancinsu miƙaƙƙu ne, suna jeruwa su matse, don haka yake daskarewa sai zafi ya wuce digiri 30 ya narke. Na man gyaɗa suna da lanƙwasa da ke hana su matsewa, sai ya zauna ruwa-ruwa.

10.0 Narkewa da Gishiri

Ƙa'idar narkewa ita ce abu yana narkewa a cikin mai irin jansa. Gishiri da kanwa an gina su ne da zarra masu cikakken caji. Ƙwayoyin ruwa suna kewaye kowace ɗaya su ɓamɓare ta daga 'yan uwanta. Giram 100 na ruwa yana ɗaukar kimanin giram 36 na gishiri, daga nan ya ƙoshi. Mai kuwa ba shi da cajin da zai ja ruwa, sai ƙwayoyin ruwa su riƙe junansu su ture shi gefe. Shi ya sa makanike yake wanke baƙin mai da fetur, ruwa ba ya fitar da shi.

A cikin rairayin Ubari, yamma da Sabha, akwai tafkuna irin su Gabar'aun da Ummul Ma'a. Ruwan ƙasa ne ke ciyar da su, ba su da mafita sai ƙafewa, don haka ruwa yake tafiya gishiri yana zama, har suka fi teku gishiri nesa ba kusa ba. Daga wannan yanki fatake suka riƙa ɗaukar kanwa zuwa Tarabulus. A Balma ta ƙasar Nijar, mutane suna yin wannan aiki da gangan: a tara ruwan gishiri a ramuka, rana ta ƙafar da shi, a kwashe gishirin a zuba a kwamin itacen dabino ya zama kantu, ayarin Buzaye ya kawo shi ƙasar Hausa. Gishirin da ya narke yana riƙe ƙwayoyin ruwa, don haka ruwan gishiri ya fi jinkirin ƙafewa, kuma wanda ya ƙoshi da gishiri sai wajen digiri 108 yake tafasa. Shan irin wannan ruwa yana ƙara ƙishirwa, domin ƙoda tana buƙatar ruwan da ya fi wanda aka sha kafin ta fitar da gishirin.

11.0 Kammalawa

An ga cewa halayen abubuwa masu ruwa-ruwa suna komawa ne ga ƙarfin jan juna tsakanin ƙwayoyinsu da kuma girma da siffar ƙwayoyin. Inda jan ya yi ƙarfi, kamar a ruwa, abu yana jinkirin tafasa da ƙafewa, yana ɗauke zafi mai yawa idan ya ƙafe, samansa kuma yana da tsauri. Inda ya yi rauni, kamar a fetur, abu yana saurin zama tururi, kuma a tururin haɗarinsa yake. Inda ƙwayoyi suka yi tsawo ko suka yawaita ɗaurin haidirojin, sai a sami kauri da yauƙi. Ta fuskar harshe kuma, Hausa tana da kalmomin da suka rarrabe waɗannan halaye tun asali: tafasa, ƙafewa, tsanewa, tsattsafo, tsotso, tsinkewa, kauri, yauƙi, danƙo, narkewa da daskarewa. Sabbin kalmomin da ake buƙata su ne na abin da ido ba ya gani, kamar zarra da ƙwaya da caji da ɗaurin haidirojin, kuma a kansu ne aikin masu fassara da masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya ya fi yawa.